Ramuka Huɗu a Jikin Allo: Ban Kwana da Aulis Tolonen

Ranar Talata, ashirin da bakwai ga watan Agusta, da misalin ƙarfe goma na safe, ina tsakar gida ina faskare sai 'yarka Marjut ta kira ni a waya. Ba ta ja magana ba, a wannan kam kai ta gado. Ta ce, "Baffa Reino, Baba ya tafi. Sai da ya sha kofinsa tukuna." Haka labarin rasuwarka ya iske ni, Aulis Tolonen, cewa ka cika a asibiti a Kajaani kana da shekara saba'in da takwas. Na ajiye gatarin na zauna a kan gungumen. Ban san iya lokacin da na ɗauka a wurin ba, sai da matata ta ji sara ya ɗauke ta leƙo ta taga.

Ranar da muka binne ka, bayan an fito daga coci an zauna shan kofi, matarka Terttu ta ce in tashi in faɗi wani abu a kanka. Na tashi, na riƙe bayan kujera, na dubi hotonka da kyandir a gefensa, na ce kai mutumin kirki ne, na zauna. Shekara hamsin da 'yan kai muna tare, abin da bakina ya iya fitarwa ke nan. Na ji kunya ƙwarai. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, don akwai maganar da ya kamata mutane su sani a kanka, kuma ni kaɗai ne zan iya faɗarta daga farko, tunda ni ne mai laifi a cikinta.

Shekara talatin da huɗu kana tuƙa motar 'yan makaranta a ƙauyukan Suomussalmi, ba ka taɓa barin yaro ko ɗaya a bakin hanya cikin sanyi ba. Ba ka tayar da mota sai ka ƙirga kawuna, in aka samu gibi ka kashe injin ka jira. Wannan hali ka shigo mana da shi daji. Mu kan yi maka tsiya mu ce ko kabarinka za ka shiga sai ka ƙirga masu ɗaukar gawa. Mu shida ne muka ɗauke ka, Aulis, babu gibi.

Mu huɗu muka gina ɗakin katakon nan na bakin tafkin Haukilampi a shekarar 1981: kai, da ni, da Veikko mai kare, da marigayi Kalevi. Kowa da kasonsa daidai da na ɗan'uwansa. Da hannunmu muka fere gungumen, muka ɗora rufi, muka kafa sauna, wato ɗakin wankan tururi, a bakin ruwa. A lokacin ba wanda ya kawo zancen doka. Mun ɗauka tunda abokai ne mu, kowa ya san abin da ya dace.

Shekara uku kacal muka yi abokantakar ta fara tsami. Kalevi ya ba surukinsa mabuɗi, surukin ya kwaso abokansa daga Helsinki suka yi kwana huɗu, suka ƙone itacen da muka tara kaf, suka tafi ko tsinken ashana ba su bari ba. Muka iso da jiƙaƙƙun kaya muka tarar da murhu a sanyaye. A kakar nan kuma ni da Veikko muka yi mako biyu ba ma gaisawa a kan naman gadon baya na hirvin da aka kashe, wato ƙatuwar dabbar dajin nan mai rassan ƙaho da muke farauta. Shi yana cewa karensa ne ya tsayar da dabbar, ni ina cewa harsashina ne ya kayar da ita. Yau in na tuna sai in yi dariya, amma a lokacin har na fara tunanin in sayar da kasona in huta.

Wata Lahadi da rana ana ruwa, ba halin fita, ka dafa kofi ka zuba wa kowa, ka ciro takarda da fensir. Ka ce, "Ku zauna. Yau za mu rubuta abubuwan da kowa yake cewa ya sani."

Veikko ya ce, "Wato gudun matanmu da dokokinsu muka yi muka shigo daji, kai kuma ka biyo mu da naka?"

Ka ce, "Naku ne. Ni rubutawa kawai zan yi, tunda ni kaɗai ake iya karanta rubutuna."

Muka wuni ana ja-in-ja. Aka amince duk wanda zai bar ɗakin ya bar busasshen itace da ashana don mai zuwa bayansa. Baƙo ɗaya kowa zai kawo, kuma abin da baƙon ya ɓata a wuyan mai shi yake. Ba a buɗe kwalba sai an zare harsasai an kulle bindigogi, wannan Kalevi ya yi ta gunaguni a kai har aka tashi. Wurin dako da ƙuri'a ake raba shi, wanda ya tsaya a nasa kuma ba ya gusawa sai an kira. Nama a kasa shi tsibi-tsibi, mutum ɗaya ya juya baya, wani ya nuna tsibi ya ce na wa, shi kuma ya ambaci suna bai ga komai ba. Kason mutum a ɗakin ba a sayar wa bare, yana komawa ga ɗa ko 'yar da ta yi kaka uku tana jan nama tare da mu.

Har mun fara miƙewa ka ce saura ɗaya. Ka ce gwajin harbi na hukuma duk shekara uku ake yi, kuma shekara uku ta yi wa ido yawa. Mu a sansaninmu, kowace Asabar ta uku a watan Satumba, kowa zai yi harbi huɗu daga nisan mita saba'in da biyar. Kowa zai zaɓi mai duba masa allo, kuma maganar mai dubawa ita ce magana. In huɗun ba su shiga da'ira ba, a bar mutum ya huta ya sake sau ɗaya. In ya sake kuskurewa, ya ajiye bindiga ke nan har abada. Gadonsa a ɗaki yana nan, tsibin namansa yana nan, amma ba zai ƙara tsayawa da harsashi a inda ɗan'uwansa yake tafiya a gabansa ba.

Muka yi ta dariya, don babbanmu a lokacin bai kai arba'in ba. Veikko ya ce, "Rubuta, rubuta. Ai kai za ta fara ci." Ka rubuta. Ka ɗago ka ce, "Reino ne mai dubana." Ni ma na ce kai ne nawa. Aka kafe takardar da ƙusa a bayan ƙofa.

Kada wanda bai san ka ba ya ɗauka kai mutum ne mai taurin zuciya. Shekarar da Kalevi ya rasu ɗansa bai isa shiga daji ba, amma ka sa aka kasa tsibi huɗu kamar kullum, ka ɗauki na huɗun ka kai wa matarsa har gida. Da aka ce ba a rubuta haka ba, ka ce ba a kuma rubuta an hana ba. Shekara tara kana kai wannan nama. Lokacin da aka yi wa matata aiki, na tare a asibiti, na dawo na tarar da rumbun itacena a cike har rufi, an share ƙanƙarar ƙofa, ba takarda ba saƙo. Na gane kai ne daga yadda aka jera itacen, don ba wanda yake jeri da kai irin naka. Da na yi maka godiya ka ce ba ka san zancen ba, ka shiga maganar tayar mota.

Yanzu na zo wurin da nake ta kewaye-kewaye.

Shekara uku da suka wuce, tun da bazara na lura idonka ya fara ja da baya. Na ga ka zuba kofi a gefen kofin, ka goge da hannun riga kamar ba komai. Na ga Veikko ya ɗaga maka hannu daga tsallaken titi ba ka gane shi ba sai da ya yi magana. Ban ce da kowa komai ba. Da Asabar ɗin gwaji ta zo, mu bakwai ne a lokacin, har da Marjut da 'ya'yan sauran. Kamar yadda aka saba, ka buɗe gwangwaninka ka ba kowane mai duba 'yan takardun liƙi guda huɗu, waɗanda ake rufe ramukan harsashi da su kafin na gaba ya harba. Ka durƙusa ka yi harbinka huɗu. Na taka zuwa allon.

Ramuka uku na tarar. Biyu a cikin da'ira, ɗaya can a gefe. Na huɗun ko allon bai taɓa ba. Na tsaya na ba ku baya ina kallon katakon, na san ko an sake ba abin da zai canza. Mutumin da tunda nake da shi bai taɓa barin dabba ta tafi da rauni ba, yau ni ne zan buɗe baki in raba shi da bindigarsa a gaban 'yarsa. Zuciyata ta ƙi. Na liƙe ramuka ukun, na juyo na ɗaga murya na ce, "Huɗu cif."

Da ni gwanin ƙarya ne, da na manna takarda ta huɗun a jikin allon ko babu rami. Ban yi wannan tunanin ba. Tana nan manne a babban yatsana, na dawo na miƙa maka hannu ina yi maka barka. Ka riƙe hannun nawa ya ɗan jima fiye da yadda ka saba, ka ce, "Na gode, Reino." Ni kuma ban lura yatsan nawa ya koma fayau ba.

Mako uku tsakanin gwaji da buɗe farauta. Ban taɓa yin kwanaki masu nauyi irin waɗannan ba. Sau biyu na tuƙo mota har kwanar gidanku na juya. Ranar buɗewa aka jefa ƙuri'a, sai ga shi wurin dako mafi kyau ya faɗo maka, wato wuyan fadamar nan inda hirvi yake bi in an taso shi. Veikko ya shiga kurmi da karensa Jeri. Ni ina nawa wurin, bindiga a hannu, ina jin haushin kare yana matsowa wajenka, kuma na san Veikko yana biye da dabbar cikin duhun ganye, daidai inda bakin bindigarka yake kallo. Sanyi ake yi amma gumi ya jiƙa mini riga. A nan na gane girman abin da na aikata: ran Veikko na ɗauka na yi maka kyauta da shi, ba tare da na tambaye shi ba.

Haushin ya wuce ta gabanka ya yi nisa. Ba a ji harbi ba. Can sai muryar Veikko ta fito a oba-oba yana haki: "Aulis, barci kake yi ne? Na kawo maka bijimi har ƙofar ɗaki, taku talatin, ƙahonsa ya fi faɗin teburinmu. Ko so kake in ɗaure maka shi a itace?"

Ka ce, "Na gan shi. Kowa ya fito, a haɗu a wurin wuta."

Da tsakar rana muka taru, an ɗora tukunyar miyar wake, Marjut tana yanka baƙin burodi. Ka buɗe bindigarka ka nuna wa kowa, ba harsashi a ciki, kuma ka ce tun safe haka take. Sannan ka ciro walat ɗinka, ka zaro 'yar takardar liƙin nan ka miƙo mini.

Ka ce, "Reino, wannan taka ce. A tafin hannuna ka bar ta. Idona bai gan ta ba, hannuna ne ya ji ta. Na ba ka mako uku ka zo ka karɓa."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Veikko ne ya fara ganewa, ya ajiye kwanonsa a hankali. Bai ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi ba ni tsoro. Ya ce, "Nawa ne suka shiga?" Na ce biyu. Ya ce, "Biyu. Ni kuma ka bar ni na shiga gabansa da ƙafata, ina da jikoki biyar. Shi ya san abin da zai yi ya zare harsashi, kai fa, ka san ya zare?" Na ce ban sani ba. Ya juya wurin sauran ya ce ko dai in bar sansanin nan yau, ko shi ya ɗauki karensa ya bar shi. Na dubi fuskokin yaran, ba wanda ya yarda muka haɗa ido. Shekara arba'in a ɗakin da na fere gungumensa da hannuna, na ga sun zo ƙarshe a bakin tukunyar miya, kuma ban ga laifin Veikko ba.

Ka bar shi ya gama. Sannan ka ce, "Takardar ba ta ce komai a kan mai duba da ya yi ƙarya ba. Ni na rubuta ta, ban taɓa zaton za a buƙaci wannan layin ba. Amma ta ce ina da harbi na biyu, kuma ta ce Reino ne mai dubana. Ban canza shi ba. Ku tashi mu je."

Veikko ya ce, "Wato har yanzu shi ka yarda da shi?"

Ka ce, "Shi kaɗai ne a nan ya san nauyin abin."

Muka bar miyar a kan wuta muka tafi filin gwaji. Ka ba ni takardu huɗu daga gwangwanin. Ka durƙusa, ka daɗe kana saiti, ka yi harbi huɗu. Na taka mita saba'in da biyar ɗin nan zuwa allon. Na duba, na sake dubawa, na juyo na faɗa.

Veikko ya ce, "Ba mu ji ba."

Na buɗe murya na ce, "Ɗaya."

Ka gyaɗa kai, ka miƙe kana dafa gwiwa, ka goge bindigar da hannun riga ka miƙa wa Marjut. Ka ce, "To madalla. Mu koma kafin miyar nan ta kama." A hanya Veikko yana ta mita wai an yi asarar bijimi guda don a koya wa tsohon banza karatu, amma bai sake zancen kora ba. Bai kuma yi mini magana ba sai da ƙanƙarar tafki ta narke.

Kaka biyu ka yi bayan nan kana zuwa sansani ba bindiga. Kai ne mai hura wuta, kai ne mai dafa kofi, kai ne mai juya baya a kira sunaye wurin rabon nama, har kana cewa yanzu juyawar ma ɓata lokaci ce. Ka ci gaba da duba mini allo, da yatsa kake laluben ramukan kana ƙirgawa. Ban taɓa jin ka yi ƙorafi ba, sai dai na sha ganin ka tsaya cak da butar kofi a hannu in haushin kare ya taso daga kurmi. Sau ɗaya na yi ƙoƙarin ba ka haƙuri, muna jera itace a bayan sauna. Ka katse ni ka ce, "Na san abin da ya sa ka yi. Kada ka ƙara yi wa kowa irin wannan son." Ka miƙo mini wani itacen.

Mako guda bayan jana'izarka ranar gwaji ta zagayo. Wasu sun ce a ɗage, Marjut ta ce da kana nan ba za ka ɗage ba, ta zo da gwangwanin. Sai da na zaɓi sabon mai duba, na zaɓi Veikko, don na san ko duniya za ta tashi ba zai rufa mini ba. A zagayen farko uku kaɗai suka shiga. Na huta, na sha ruwa, na sake. Veikko ya taka zuwa allon da sandarsa. Ya tsaya ya ba mu baya. Ya daɗe a tsaye, Aulis, kuma ba wanda ya fi ni sanin abin da wannan tsayuwa take nufi. Na ga kafaɗarsa ta sauka, na ga ya fara liƙe ramuka bai faɗi komai ba. Veikko fa, wanda ya ce a kore ni.

Na kira shi na ce, "Veikko, kada ka soma."

Ya juyo ya ce, "Biyu." Da ya dawo yana goge ido ya ce iska ce ta kwaso masa ƙasa, alhali ko ganye ba ya motsi. Na zare harsasan da suka rage, na miƙa bindigata ga ɗan Kalevi. Abin ya yi mini ciwo fiye da yadda na zata, ba zan ɓoye maka ba. Amma na ga yadda ake yi, a wurinka na gani, don haka na tambayi ko akwai mai son kofi.

Terttu, ke kika san rashin da kika yi fiye da kowa, shekara hamsin da ɗaya ba kwana ɗaya ba ce. Allah ya ba ki haƙuri, ya tsaya miki a cikin dogon sanyin da ke tafe. Itacenki na bana yana wuyanmu ni da Veikko, kada ki ce za ki yi gardama. Marjut, ke da maigidanki da yaranki, Allah ya sanyaya zukatanku, ya albarkaci bayansa. Ina miƙa ta'aziyyata ga dangin Tolonen baki ɗaya, da mutanen sansaninmu, da ɗaruruwan da suka girma a kujerun motarsa.

Kai kuma Aulis, abokina, Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka kurakuranka, ya ba ka hutu a wurinsa. Ni na so in yi maka sassauci, na kasa yinsa sai da ƙarya. Ubangiji yana ganin komai yadda yake, kuma duk da haka yana yin rahama. Ita nake roƙa maka. Amin.